Sa Hannun Baba Buroshi

"Hajiya, sauke wayar nan."

Daga kan gado muryar ta fito, a dishe, amma sai da kowa a ɗakin ya tsaya cak. Ni ina riƙe da gefe ɗaya na babban zanen, Manaja, babban ɗan Baba Buroshi, yana riƙe da ɗaya gefen, mun karkato shi wajen taga don haske ya same shi. Hajiyar kuwa, matar wani mai otal da ta zo ganin zanen, ta riga ta ɗaga waya ta saita. Ta juyo tana murmushi, ta ce ai ba wani abu ba ne, Baba, maigidanta kawai za ta nuna wa. Baba Buroshi ya yunƙura ya jingina da bango, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce in maigidan nata yana da idanu ya tako ya zo, ƙofa a buɗe take.

Manaja ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya shiga ba ta haƙuri, wai ciwo ne ya mayar da tsohon mafaɗaci, da ba haka yake ba. Ƙarya yake yi, tun da na san mutumin nan haka yake. Ita dai ta mayar da wayar jaka, ta zaga ɗakin tana tattare bakin mayafi kada ya taɓa fenti, tana ta yabo. Ta tambayi kuɗin babban. Da ya faɗa mata sai ta yi 'yar dariya irin ta masu abin hannu, ta ce za ta yi shawara ta dawo. Ta fita ta bar mana ƙanshin turarenta yana kokawa da warin fenti da na magani.

Ni kafinta ne. Shagona yana kallon ƙofar gidan da Baba Buroshi yake haya, ɗan titi ne kawai da kwata tsakaninmu. Duk katakon da ya taɓa ɗaure yadin zanensa a kai, ni na yanka, ni na goge, ni na buga. Ban san zane ba, ba zan yi muku ƙarya ba, amma na san nauyin kowanne, don ni ake kira in za a ɗaga.

Da rubutun allon shaguna ya fara tun yana saurayi. A zamanin, in ka buɗe shago ba ka kira shi ba, to ba ka buɗe ba tukuna. Shi ya zana kawunan da ke allon mai aski, shi ya zana kifi a bangon mai kifi, ya zana zakuna a bayan manyan motoci har direbobi suna bin layi. Sai injin buga hoto ya shigo. Ka kai rubutunka da safe, da rana a miƙo maka leda mai sheƙi, har da fuskarka a jiki in kana so. Nan da nan aiki ya ɗauke masa ƙaf. Abokan sana'arsa wasu suka koma fentin gidaje, wasu suka koma tuƙi. Shi kuwa, da shegen taurin kai irin nasa, ya ce yanzu ne ma ya samu sarari. Ya sayo farin yadi mai kauri, ya zo ya ce in haɗa masa katako, ya tura ƙofa ya fara zana abin da ransa yake so.

Na farkon ba su yi kyau ba, shi da bakinsa ya faɗa. Hannun ya saba da allo, komai sai ya fito fes da baƙin layi a gefe kamar talla. Ya daɗe yana faɗa da hannun nan kafin ya saki. Akwai shekarun da ya daina zana fuska gaba ɗaya, sai hannuwa: na mai wanki, na mai faci, nawa ma ya zana riƙe da zarto, har da yatsan da na rasa rabinsa, bai ko yi mini karar ya ɓoye ba. Daga baya ya koma bin haske, yadda yake faɗowa a kan kwanon rufi da safe, yadda yake makalewa a jikin rigar da aka shanya. Fentin da kauri yake lafta shi, wani wurin ma da wuƙa ba da buroshi ba. In ka sa yatsa sai ka ji tudu da kwari.

'Yan layinmu kuwa, Allah ya shirye mu. Yabo kam ba su bar shi da yunwarsa ba. Kowa ya leƙo sai ya ce kai, Baba, hannun nan naka baiwa ce. Daga nan sai a zana ni mana, kyauta fa. Amma ranar da za su ƙawata falo sai su nufi kasuwa su sayo hoton ruwa yana gangarowa daga wani dutsen da ko kakansu bai taɓa gani ba, ko kwandon 'ya'yan itace cikin firam ɗin roba mai ruwan gwal, irin wanda yake gidan kowa. Masu saye na gaskiya ba su da yawa. Akwai wani likita, akwai wata malamar makaranta da ta yi ta tara kuɗi har ta kai, sai baƙi jefi-jefi. Da wannan da ɗan rubutun allo da yake samu nan da can ya riƙe gidansa.

Yana da wata ƙa'ida da bai taɓa karyawa ba. Ba ya sa hannu a zane sai ranar da zai bar gidan. Kusurwar ƙasa ta dama yakan bar ta haka nan. In mai saye ya zo an daidaita, sai ya sa a kawo kujera a zaunar da shi, ya ɗauko wani siririn buroshi ya rubuta sunansa mutumin yana kallo, sannan a dafa shayi a sha kafin ya bushe. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce zanen da ba wanda ya so shi har ya rabu da abin hannunsa dominsa, aiki ne da ake kan yi, gobe yana iya tashi ya sauya masa gajimare ko ya goge mutum guda. Wai sa hannu sallama ce, shi kuwa ba ya sallamar wanda ba tafiya zai yi ba. Na ce to, na koma bakin aikina, don ni ban ga abin wahalar da kai a ciki ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, sai ƙa'idar nan ta zama abin tashin hankali. Huhu ne, likita ya ce shekarun da ya kwashe yana shaƙar fenti a rufaffen ɗaki ne suka taru masa. Ana cikin wannan hannun dama ya fara rawa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ta ƙarshe ce take jinyarsa, Auta, wadda take koyarwa a makarantar yara. Ita ta je ta samu wani dillalin zane a cikin gari, ya gaya mata gaskiya ba ɓoye-ɓoye: zanen da ba a sa wa hannu ba, in mai shi ya mutu, ba mai karɓa, don ba abin da zai nuna nasa ne. Ga ɗaki kuwa cike, an jingina su bayan juna har bakin gado, aikin rabin rayuwar mutum.

Ina wurin ranar da ta durƙusa masa.

"Baba, don Allah ka sa musu hannu tun hannun yana yi. Kana kwance abinka, ni zan riƙa miƙo maka ɗaya bayan ɗaya."

"Wa ya saya?"

"Ba wanda ya saya, amma..."

"To a bar su."

Ta biyo ni shago tana share hawaye da bakin mayafi, ta ce Kawu kai kaɗai yake jin maganarka. Wane ni. Amma na koma na yi masa tatas, na ce wannan taurin kan ba kai zai ci ba, yarinyar nan zai ci, ka mutu ka bar mata ɗaki cike da yadi. Ya saurare ni har na gaji na yi shiru don kaina. Sannan ya ce, Sarkin Ƙusa, in ka gama wa'azin ka duba mini katakon babban can, kamar ya fara lanƙwasa ta sama.

Babban shi ne layinmu da sassafe, tun daga famfo har kwanar mai faci. Ya fi gado tsawo. Kowa yana ciki: mai aski yana share ƙofa, matar mai shago tana jera kwalabe, mai wanki da ƙullinsa a ka, ni ma ga ni can na duƙa a kan benci. Shekaru ya yi yana taɓa shi yana bari. Burinsa ɗaya a kansa, ya ga ya hau bango a inda baƙi suke wucewa, su tsaya su kalli layin da ba wanda ya taɓa ɗauka a bakin komai. Shi ya sa Auta ta yi ta zirga-zirga har ta samo matar mai otal, da ta ji suna shirin buɗe sabon gini.

Abin haushi, shi da ya daka wa matar tsawa, shi ya koma jiran ta. Da ya ji ƙarar mota ta tsaya sai ya ce Auta leƙa ki gani ko ita ce. Ya sa aka wanke siririn buroshin, ya sa aka goge kujera. Ya ce mini yana da tabbacin za ta dawo, don ya ga yadda ta tsaya a gaban famfon da ke cikin zanen, mai kallo irin wannan ba ya mantawa. Kwanaki suka yi ta wucewa, shiru kake ji.

Rannan sai ga direban otal ɗin a shagona da awo a takarda, wai Hajiya tana son firam masu yawa, duk girma ɗaya, kuma ni ta ce a ba, tunda ta ga aikina. Ni da wautata har murna na yi. Na haɗa su tsaf, na goge, na shafa musu mai, muka loda a mota muka tafi in ɗora hotunan a can. Aka kai ni wani ɗaki a ƙasa mai warin sabon siminti, mai kula da wurin ya nuna mini tulin takardu a kan tebur ya ce ga su nan.

Na juya ta sama sai na ga layinmu. Na juya ta biyu, layinmu ne. Duk tulin haka. Launin ya koɗe kamar rigar da ta sha wanki, hasken nan da ya yi shekaru yana nema ya koma fari fat. Don ya shiga awonsu sun datse gefe, mai faci ya rage rabin jiki. Na shafa, sumul kamar leda. A kusurwar ƙasa ta dama kuwa, daidai inda ya bari, an buga sunan shagon da ya yi bugun da lambar wayarsa.

Ina riƙe da takardar Hajiya ta shigo.

"Ka ga yadda ya fito? Ni wallahi ya fi mini na ainihin tsabta, wancan duk ya yi kumburi-kumburi."

Na tambaye ta inda ta samu. Ta ce ɗan tsohon ne ya turo mata hoton, kuma ta sallame shi, ba ta ci haƙƙin kowa ba. Ta ce in duba mana, wancan bango ɗaya zai cika, wannan kuwa kowane ɗaki ya samu, ai tsohon ma ɗaukaka ce gare shi. Ba da mugunta take faɗa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na ce ranki ya daɗe, ni dai hannuna ba zai iya buga ƙusar nan ba. Ta ce ba damuwa, ta ɗaga waya. Kafin in gama tattara kayan aikina wani kafintan ya iso, har ya gaishe ni da fara'a.

A bakin famfo na tare Manaja. Manaja muke ce masa don kullum yana saɓe da jaka yana bin kwangilar da ba ta taɓa faɗowa ba. Na ce masa abin da ya zo bakina, wanda ba zan maimaita a nan ba. Bai musa ba, bai kuma sunkuyar da kai ba.

"Me na sayar, Kawu? Zanen ba ga shi can a ɗaki ba? Ko ƙwarzane bai yi ba. Allurar da ake yi masa yanzu, da me kake zaton ake saye? Da yabon 'yan layi?"

Na ja tsaki na wuce. Da na gaya wa Auta, ta zauna a kan bencina, muka yi shawara kada tsohon ya ji. Ya ci gaba da jiran motarsa, ya fi masa sauƙi.

Mun manta da mai injin da ya buga hotunan. Shi da ya ga hoton yana cikin na'urarsa, kuma ya gane layin, sai ya buga ƙanana ya baje a ƙofar shago. Mai aski ne ya fara gani. Kafin ka ce me, labari ya zaga, kowa yana so ya ga kansa a takarda. Mutanen da suka yi shekaru suna wuce zanen nan a buɗaɗɗiyar ƙofa ba su taɓa tambayar kuɗinsa ba, sai ga su suna rige-rigen saye.

Da la'asar ne ina gugar katako na hango su sun jero, mai aski a gaba, sai mai wanki, matar mai shago, da mai faci, kowa da nannaɗaɗɗiyar takarda a hannu, sun sha kwalliya kamar masu zuwa ɗaurin alƙawari. Kafin in ajiye abin hannuna in tsallake kwata sun riga sun shige. Na same su sun kewaye gadon, mai aski ya warware tasa yana washe baki.

"Baba, ka shahara. Otal guda an cika shi da aikinka, kowane ɗaki. Muka ce ba za mu bari baƙi su riga mu ba, kowa ya je ya sayi nasa. Saura ka sa mana hannu."

Ya zaro biro daga aljihu ya miƙa.

Zanen na ainihi yana jingine a bayansu. Ba wanda ya waiwaya. Mai wanki ma da zafi ya dame shi a kan kusurwarsa ya rataye hula. Suna ta nuna kansu a takarda suna dariya, mai faci yana ƙorafin an yanke masa ƙafa ɗaya, matar mai shago tana cewa an rage mata ƙiba, ta gode.

Baba Buroshi ya karɓi takardar da hannun hagu. Ya ɗora ta a cinya, ya bi ta da babban yatsa daga famfo har ƙarshe, a hankali, kamar mai neman abin da ya faɗi. Ya ce Auta ta ba shi tabarau. Ya sa, ya kawo kusurwar kusa da ido, leɓensa yana motsi yana karantawa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi Manaja da yake raɓe a bakin ƙofa. Ya miƙa wa mai aski takardarsa.

"Ai an riga an sa masa hannu," ya ce. "Ga sunan mai shi nan a ƙasa."

Suka kwashe da dariya, sun zaci barkwanci ne. Shi kuwa ya zame ya kwanta ya juya fuska bango. Auta ce ta ce musu su yi haƙuri, jikin ne, ta cire hular ta miƙa wa mai ita. A waje ina jin su suna gunaguni, wai tsohon nan ba a iya masa, mutum ya kashe kuɗinsa don ya girmama shi, ko sannu. Na so in ɗauki guduma in bi su, sai dai ban san kan wa zan fara ba, don har ga Allah da zuciya ɗaya suka zo.

Daga ranar bai sake tambayar mota ba. Abinci sai an yi da gaske yake karɓar cokali. Babban zanen ya sa aka juya shi ya kalli bango.

Na kasa jurewa. Wata safiya na wanke hannu, na sa rigata mai kyau, na shiga na ce saye na zo yi. Ya dube ni ta wutsiyar ido ya ce tausayi ba ya saye a gidansa, in kai shi asibiti, can ake buƙatarsa. Na ce kai dai ka cika baƙar magana, na tsallake na shiga bayan tulin na zaro wanda nake so. Ƙarami ne. Wata tsohuwar kujera ce a bakin ƙofa, rana ta raba ta biyu, ba kowa a kai. Duk lokacin da aka sa ni ɗaga kaya a ɗakin nan sai na ɗan daɗe da shi a hannu.

"Me ka gani a ciki?"

Na ce ban sani ba. Ni dai in na kalle shi sai in ji kamar yanzun nan wani ya tashi a kai, kuma zai dawo.

Can sai ya faɗi kuɗin, bai rage mini ko sisi ba, ni da muka yi shekaru muna shan shayi a kofi ɗaya. Ni kuma, da ko ƙusa ba na saye sai na taya, ban taya ba. Sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce Auta ta ɗora ruwan zafi, ta kawo wa baƙo kujera. Baƙo fa, ni. Aka tashe shi zaune aka kara masa matashi, aka ɗora zanen a cinyarsa, Auta ta dama fenti a murfin gwangwani ta miƙa masa siririn buroshin.

Hannun yana rawa tun kafin ya kai. Ya dafe shi da na hagu, ya riƙe numfashi. Bakin buroshin ya taɓa yadin ya zame, ya ja wani karkataccen layi da bai yi kama da kowane harafi ba. Ya sake dangwalo fenti. Wannan karon buroshin ya suɓuce ya faɗi a kan zanin gado, ya bar baƙin tabo. Auta ta ɗauka da sauri ta ce bari ta riƙe masa hannun, su rubuta tare.

"In kin riƙe, hannunki ne."

Ya daɗe yana kallon yatsun nasa suna kaɗawa su kaɗai. Sannan ya ture mini zanen.

"Ka makara, Sarkin Ƙusa. Ɗauki abinka."

Ruwan ya tafasa har ya ƙone, ba wanda ya tuna da shayin. Na fito da zanen a hammata, baƙin ciki kamar ya kashe ni.

Bai daɗe ba bayan nan. Da hantsi ya cika, Auta tana gefensa, ni ina shago ina jin kukanta ya tsallako titi. Allah ya jiƙansa. Jama'a ta taru sosai, ba laifi, aka kai shi aka dawo. A wajen gaisuwa kowa sai ya ce ai yana da aikin marigayi a falonsa, ya rataye shi a wuri mai kyau. Na sunkuyar da kai ina wasa da tsakuwa don kada in yi abin kunya a gidan mutuwa.

Dillalin da ya ƙi takowa tsohon yana da rai, da ya ji ya mutu sai ga shi da ƙafarsa. Ya bi zanukan ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai, yana cewa wannan ƙasaitaccen aiki ne, ina aka ɓoye mutumin nan. Kowanne ya ɗaga sai ya kai ido kusurwa, ya ajiye. A ƙarshe ya kakkaɓe hannu ya ce kaico, an yi asara. Manaja ya matso ya yi ƙasa da murya, wai shi ya iya rubuta sunan Baba sak, ba mai ganewa. Dillalin ya yi kamar bai ji ba, amma bai tafi ba. Auta ta miƙe ta tsaya tsakaninsu da zanukan.

"Yaya, in ka taɓa ko ɗaya, wallahi gabanka zan cinna musu ashana."

Dillalin ya ce to in suna so zai kwashe duka a dunƙule a matsayin kayan ado, ya ba su ɗan abin da ya samu. Ta nuna masa ƙofa.

Mai gidan haya ya yi kara na ɗan lokaci, sannan ya aiko yana son ɗakinsa. Wurin Auta ƙarami ne, ba zai ɗauki zanukan da katakonsu ba. Ta zo ta ce, Kawu, sai dai a cire su a naɗe. Na ɗauki abin zare ƙusa na shiga. Wuni guda na yi ina zare ƙusoshin da ni na buga, ita tana naɗewa tana ɗaurewa da tsumma. Fentin mai kauri ba ya son naɗi. Duk yadda ta lallaɓa sai ka ji ƙas-ƙas yana tsagewa, ɓarɓashi yana zuba a siminti. Babban ya fi kowanne wahala, sai da muka kama shi mu biyu, muna naɗewa yana zubar da rufin gidaje da hasken da ke kansu. Ba ta yi kuka ba. Da muka gama ta ɗauki tsintsiya ta share ɓarɓashin ta zuba a gwangwani ta rufe, ta sa a jaka. Motar haya ta zo, aka cusa naɗaɗɗun a baya har suna leƙowa ta taga, ta ce in riƙe katakon ko zai yi mini amfani.

Ban samu inda zan sa su a ciki ba, sai na jingina su a ƙofar shago. Washegari da sassafe na fito da kofin shayina na zauna a kan benci. Babban firam ɗin yana gabana, ba komai a cikinsa. Ta tsakiyarsa ina hango mai aski yana share ƙofa, wata mata ta ajiye bokiti a bakin famfo tana jira ya cika, rana ta fara taɓa kwanon rufin gidan da aka rufe da sabon kwaɗo.